Igiyar Lilon Tanko Soja

Tun ranar da aka kafa ginshiƙin nan a bakin kasuwar Ollelewa, tun ba a rataya masa komai ba, nake auna shi da ido duk sa'ad da na wuce da tulu. Ba tsawonsa ne ya dame ni ba, ƙasar da ke gindinsa ce. Wurin ba rairayi ba ne, fako ne da raƙuman Abzinawa suka tattake har ya yi tauri kamar daɓe. Na ce a raina, in igiya ta saki, a kan fakon nan yaro zai faɗo. Kuma na san igiyar wa za a rataya, don a garin nan ba wani gidan tufka sai namu.

Ku 'yan matan da kuke tsayawa ƙofar ɗakina kuna cewa, "Dije, koya mana mana, ai murzawa ce kawai," ku nake so ku ji wannan. Ban girme ku da yawa ba, amma tun ban san ɗaura zane ba kaba take hannuna.

Aikin farko da Baba ya ba ni dabaibayin jaki ne. Ba shi da ɗa namiji da ya rayu, idonsa kuma ya fara yana, sai ya zaunar da ni gabansa. Kayan aikinmu ba su da yawa: wuƙa 'yar ƙarama ta tsaga kaba, ƙwaryar ruwa, turke, da ƙahon barewa da ake buɗe tufka da shi in za a yi ƙari. Sauran kayan a jikinki suke, tafin hannu da babban yatsan ƙafa. Kabar ma ba kowace ba. Ta ƙarshen damina ake so, a yanko ta tana matashiya, a shanya a inuwa. In kika shanya a rana za ta yi fari ta yi kyau a ido, ki murza ta karye. Sai a tsaga, a yayyafa ruwa, a rufe da tsumma ta yi laushi. Na gama dabaibayin nan ina murna na miƙa masa. Ya bi shi da yatsa daga kai har wutsiya, ya tsaya a tsakiya.

"A nan kika tashi kika sha fura."

"Baba, yaya aka yi ka sani?"

"Hannun da ya huta ba ya komawa da ƙarfin da ya tafi da shi. Jaki ma zai gane. A nan zai ciza."

Ya warware shi duka. Haka na yi ta yi yana warwarewa har tafina ya sale, ya warke, ya yi kanta. Daga dabaibayi na koma ragaya ta rataye ƙwarya, daga nan akalar raƙumi, sai can da daɗewa ya bar ni na taɓa igiyar guga. Ku da ba ku san rijiyoyin Damargu na arewa ba sai da labari, sa ne ke jan guga, ya yi ta tafiya har mai kora ya zama ɗan ƙarami a ido kafin wasaki, wato gugan fata, ya leƙo baki. Igiya mai wannan tsawo, in wuri ɗaya ya yi sako-sako, duk sauran banza ne.

Masu sayen ma kowa da halinsa. Bafillace sai ya sa haƙori ya ciji igiya, ya ja ta a gwiwa, ya ce ba ta da kyau, sa'an nan ya ɗauka. Ba'abzine ba ya cewa komai, sai ya murɗa ta baya ya leƙa cikinta ta saman rawaninsa. In ya ajiye miki cuku ya tashi, to ta yi.

Shekarar yunwa ina yarinya. Ruwa ya gudu ƙasa, kowace rijiya tana neman ƙarin igiya, ga shi babu kaba, don mutane sun tone gindin goruba sun cinye zuciyarta. Baba ya riƙa bi gida gida yana karɓar tsofaffin tabarmi da ragayu, muna warwarewa muna zaɓen abin da bai ruɓe ba. A shekarar na koyi ƙari, yadda ake cusa sabuwar tufka cikin tsohuwa har yatsa ya kasa gane mahaɗa. A shekarar ne kuma na ga abin da ya jawo wannan labari.

An zo neman igiyar da za a zura mutum ya yashe rijiyar gari. Da muka gama, Baba bai miƙa ta ba. Ya tafi bakin rijiyar da kansa, ya ɗaura ta a ƙugu, ya ce a zura shi. Ina tsaye ina kallon kansa yana nutsewa cikin duhu. Da aka jawo shi, ya kwance ya ba mai yasa. A hanya ya ce mini, "Igiyar dabba, sayar ki tafi. Igiyar da za ta ɗauki ɗan Adam, jinin wanda ya tufka ne ke fara hawa. Haka ubana ya yi." Duk garin sun san gidanmu da wannan.

To, ga Tanko Soja. Yana cikin waɗanda Nasara suka ɗiba suka ƙetare teku da su yaƙi, ya dawo da ƙafa ɗaya tana ja, da labarai da ba mai gaskatawa. Lokacin gwamnan Nasara bai ma tashi daga Damagaram ba. Wata safiya bayan an gama yankan gero ya yi sallama a zauren Baba, ina gefe ina tsaga kaba. Tare da shi akwai Audu masassaƙi, ƙanin maigidana. Maigidan nawa ya bi ayari Kano.

Tanko ya tsuguna ya share ƙasa da tafi, ya fara zane da tsinke, ya manta Baba ba ya gani.

"Baba, a can na ga wani abu. Dawakin itace ne a jere, yara su hau, abin ya yi ta zagaya da su, ana kiɗa. Manya ma suna hawa, har da matansu."

"Su je ina?" in ji Baba.

"Ba inda za su. Inda suka hau nan za su sauka."

"To me ya kai su?"

Audu ya fashe da dariya. Tanko bai yi ba. Ya ce ranar da ya gan shi an fito da su daga asibiti ne, shi da wasu da ba hannu ba ƙafa, ya tsaya yana kallon yaran har rana ta faɗi, ya ce in Allah ya maishe shi gida sai yaran garinsu sun hau irinsa. Baba ya ce, "Igiya nawa?"

"Doki huɗu, kowane igiya biyu."

"Hannuna ya mutu, Dije ce za ta tufka. Amma ka san ƙa'idar gidan nan."

"Na sani, Baba. Ai da sauƙi. Abin na yara ne, ga jikarka nan." Sai ya kira sunan yarinyar. "Ita za ta buɗe mana."

Baba ya ce, "Jininmu ce. Ya yi."

Yarinyar nan da ake magana ita ce ta farina. Ba ta fi shekara biyar ba. Kun san yadda abin yake: ba na kiran sunanta, ba na ɗaukarta a gaban mutane, in ta faɗi a tsakar gida sai in kau da kai wani ya ɗaga ta. A ɗakin Iya, uwar maigidana, take kwana. Da ta biyu ce, da a nan take zan ce ban yarda ba, kowa ya ce uwa ce. Ta fari kuwa, in na buɗe baki, har Tanut sai an ji cewa Dije ba ta da kunya. Na ci gaba da tsaga kabata.

Ginin abin nan ya ci kaka duka, kuma ban taɓa ganin garin ya zuba wa abu ido haka ba. Ginshiƙin kututturen aduwa ne, tsawon mutum biyu, shanu suka jawo shi. Sandunan sama azara ce ta giginya da Tanko ya roƙi wani madugu ya ɗoro masa daga kudu. Abin da ya tsayar da su shi ne yadda saman zai juya gindin yana tsaye. Suka yi kwanaki suna gardama. Wata rana Audu ya shigo gida ya tarar da Iya ta kife tsohon turminta a kan turke don kada kaji su shiga, ya tsaya yana kallo, ya sa hannu ya juya shi. Kafin Iya ta fito daga ɗaki turmi ya kai kasuwa.

"Ɗan nema! Turmin aurena!"

"Iya, ai ɗaukaka ya samu. Duk garin nan ba turmin da zai kai shi tsawo."

Aka fere kan ginshiƙi ya yi santsi, aka shafe shi da kitsen tozon raƙumi, aka kifa turmin a kai, aka gicciya azara biyu aka ɗaure da ƙiri, igiyar fata. Ranar da aka fara juya shi ba komai a jiki, har masu sayar da gishiri suka bar kayansu. Wani Bafillace ya zagaya shi, ya tambayi Tanko ko sabuwar dabarar jan ruwa ce, ina rijiyar. Tsofaffi suka ce na shanya nama ne. Yara kuwa tun da safe suna gindinsa, sai an kore su da tsumagiya.

Dawakin ne ba su yiwu ba. Audu ya sassaƙa ɗaya, ya kawo gida a ɓoye ya nuna mini.

"Matata, faɗi gaskiya, me kika gani?"

"Akuya mai ciki."

"Allah ya isa tsakanina da ke. Zan gaya wa Yaya ya ƙara aure."

Liman ma ya aiko cewa a bar zancen sassaƙa abu mai kai da ido. Aka koma kujeru masu ɗan jingina, da ɗamarar fata a gaba.

Ni kuwa ina gida da igiyoyina. Ban taɓa tufka irinsu ba, kuma ina son in san yadda za su yi. Igiyar guga kullum a jiƙe take, ruwa ne ke riƙe ta. Wannan a rana za ta wuni, kuma wuri ɗaya ne zai yi ta gugar itace. Na yi riɓi uku, kaurin babban yatsa. Kowace na fara ta ba na tashi sai na kai ƙarshe, ko fura ba na sha. Inda za ta hau kan azara na naɗe da ɗanyar fatar sa, ta bushe ta kama. Baba ya bi su ɗaya ɗaya da yatsa, bai warware ko ɗaya ba. Ya ce, "Sun yi. Sauran sai an hau."

Yarinyar nan kuwa ta cika gari da baki. Ina jin ta ta bayan dangar kara tana ce wa ƙawayenta, "Ni ce farko. Wanda bai ba ni goruba ba, ba zan gaya masa yadda sama take ba." Iya ta kitse mata kai, ta ɗaura mata sabon jigida.

Sau ɗaya na gwada. Muna sussuka da Iya, na ce, "Iya, fakon bakin kasuwar nan da tauri. Yaran mutane za su hau."

Ba ta ɗago ba. "Yaran mutane," in ji ta. "To, Allah ya tsare yaran mutane."

Da na ga haka, duk sa'ad da na dawo daga rijiya sai in ɗebo rairayi a ƙwarya in zuba a gindin ginshiƙin. Audu ya kama ni ran nan, ya ce ko gyaɗa zan shuka. Rairayin bai yi komai ba, iska ta kwashe.

Aka sa ranar kasuwa, bayan la'asar. Mutane har daga Falanko. Tanko ya sa tsohuwar rigarsa ta soja, ya kawo mai kalangu. Samari biyu suka riƙe igiyar ja, su ne za su yi gudu su zagaya da abin. Aka jawo Baba aka zaunar da shi a tabarma. Iya ta riƙo hannun yarinyar tana ratsa mutane.

Ban shirya komai ba. Na dai ga kujerar tana lilo ba kowa, na ga igiyata sabuwa fil, ba ta taɓa ɗaukar ko tulu ba. Na ajiye ƙwaryata, na gyara ɗaurin zane, na wuce gaban Iya na zauna a ciki.

Kalangu ya tsaya.

"La ilaha!" in ji wata. "Matar aure!"

"Dije, sauka," in ji Tanko a hankali. "Na yara ne."

Na ce, "Ni na tufka."

Audu ya riƙe ciki. "Jama'a ku shaida! Yaya na Kano, matarsa ta hau turmi!"

Baba ya juya kai yana tambaya me ya faru. Aka gaya masa. Ya ce, "Hannun da ya tufka ya fi kusa. Ku ja."

Tanko ya ɗaga kafaɗa, ya daka wa samarin tsawa da Nasaranci, suka zabura.

Zan gaya muku yadda yake, tunda kuna ta tambaya. Da farko ba komai, kamar jaki mai tafiyar kasala. Sai ƙafafuna suka bar ƙasa, kujerar ta buɗe waje, iska ta cika mini baki. Rumbuna, raƙuma, rijiya, fuskokin mutane, duk suka haɗe suka zama zane ɗaya mai ratsi. Na hango cikin gidan Liman ta saman danga, ashe tunkiyar da ya ce ta ɓata tana nan a ɗaure. Kallabina ya tashi, ban san inda ya sauka ba. Amma kunnena yana sama. Sabuwar igiya tana kuka in ta ɗauki nauyi, ƙiƙ, ƙiƙ, tana miƙewa, kowane zare yana neman wurin zamansa. In kukan ya yi ta raguwa, lafiya. In ya ƙaru, a tsaya. Ya ragu.

Aka tsaya. Mutane suna ta shewa, Iya ta matso da yarinyar. Na sauka, ƙasa tana karkata, na dafa na kama kujera ta biyu.

"Kuma?" in ji Tanko.

"Kowace da igiyarta."

"Matata, daɗi kika ji, faɗi gaskiya!"

A ta uku ne abin ya faru. Ana cikin gudu na ji kujerar ta sunkuya hagu. Igiyar waje ta miƙe fiye da 'yar'uwarta, wajen taƙi guda. Ba tsinkewa ta yi ba, ba kuma aibi ba ne, kowace sabuwar igiya da iyakar miƙewarta, ba mai sani sai ta ɗauki kaya. Na zame har ɗamarar fatar ta kama ni a haƙarƙari. Na maƙale igiyar ciki da hannu biyu. Hannun mai tufka ne, ya riƙe. Da ƙaramin jiki ne, ta ƙarƙashin ɗamarar zai sulluɓe.

Dariya ta ɗauke. Tanko ya yi tsalle da gurguwar ƙafarsa ya rungume samarin ya tsayar da su. Da na sauka ya hau kafaɗar Audu da kansa ya kwance ƙullin, muka daidaita tsawon ina nuna masa daga ƙasa. Ya sa aka rage ɗamarun duka huɗu. Na sake hawa ta ukun, na hau ta huɗu. Daga nan ban iya tsayuwa ba. Na rarrafa gefe na zauna, furar rana ta dawo.

Wata tsohuwa ta fara cewa ita tun da take ba ta taɓa ganin rashin ta ido irin wannan ba. Iya ta juya mata.

"Al'adar gidan ubanta ce. Ke kina da wadda ta fi ta?"

Iya ta tsinto kallabina ta jefo mini a cinya, ta sunkuyo kamar tana gyara mini shi, ta ce yadda ni kaɗai zan ji, "Yaran mutane, ko?" Ta miƙe ta ɗauki yarinyar ta sa a kujera, ta ja ɗamarar da kanta har yarinyar ta ce, "Iya, cikina!"

Kalangu ya tashi. Na ji muryar yarinyar tana wucewa ta kaina, tana tafiya tana dawowa, tana ihu wai a ƙara gudu. Daga baya mata suka yi ta yaba ni, suka ce duk da abin da na yi, kunyar 'yar fari ban yar ba, har aka gama ko sau ɗaya ban dubi yarinyar ba. Gaskiya ne, ban dube ta ba. Idona yana can sama, inda fata ta haɗu da azara.

Lilon yana nan har yau, ranar kasuwa da ranar Sallah ake juya shi. Kowace kaka nakan sauya igiyoyin, kuma nakan hau, yanzu ba mai ko juyowa sai Audu. Amma rana tana cin kaba a ɓoye, ni kuma ga goyo, ba kullum nake zuwa kasuwa ba.

Saboda haka ga roƙona, ku 'yan mata da duk wanda wannan ya isa gare shi. In za ku ɗora yaro, naku ko na wani, ku fara kama igiyar ku murɗa ta baya kaɗan ku leƙa cikinta. In kun ga ta yi fari, ko ta fara gashi kusa da fatar, kada ku ɗora, kuma kada ku ji nauyina. Ku aiko a kira ni, ko tuwo nake tuƙawa zan zo.